Mikel Obi a Bisa Mizani

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a majalisun matasa da gidajen kallon ƙwallo na ƙasar nan, wadda ko da yake mutumin da ake yin ta a kansa ya rataye takalmansa tun watan Satumba na 2022, har yau ba ta mutu ba, sai dai ta yi barci ta farka. Ita ce gardamar John Mikel Obi, da abin da ya zama, da abin da jama'a suke jin ya kamata a ce ya zama. Da zarar an ambaci sunansa, kafin mai shayi ya gama fifita wutarsa, za ka ga majalisa ta rabu gida biyu: waɗansu su ce ai Mourinho ne ya kashe yaron nan, ya ɗauki gwanin raba ƙwallo ya mai da shi mai gadin ƙofa, waɗansu kuma su ce wanda ya ɗaga Kofin Zakarun Turai da Kofin Nahiyar Afirka ba za a ce an kashe shi ba. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin nan biyu, na kuma lura kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya yana zaton ita ce dukkanta, shi ya sa na ga ya dace a zauna a natse, a jera hujjoji kamar yadda malamai suke jera su in mas'ala ta rikice, a ɗora mutumin a bisa mizani, a auna shi da adalci.

Asalin iyayensa daga ƙasar Ibo ne, amma a Jos aka haife shi, ran 22 ga Afrilu 1987, a can kuma ya yi wayo, cikin garin kuza da sanyi da duwatsu, wanda ya tara ƙabilu daga kowace kusurwa ta Nijeriya, ya kuma shahara da tamaula tun zamanin ƙungiyar Mighty Jets. Garin da daga baya ya ba mu Ahmed Musa. Daga filayen unguwa ya shiga makarantar ƙwallo ta Pepsi, daga nan Plateau United, daga nan kuma aka kira shi cikin 'yan ƙasa da shekara 17 da suka je Finland a 2003. A wajen rajistar wannan gasa ne aka yi kuskuren rubuta sunansa, Michael ya koma Mikel, shi kuwa ya ga sunan ya yi masa, ya riƙe shi. Bai cika shekara 18 ba ya riga ya bar gida, yana zaune a Oslo ta ƙasar Norwe, a ƙungiyar da ake kira Lyn.

Amma inda duniya ta san shi, inda mu ma zukatanmu suka ɗamfaru da shi, ita ce gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan cikin damunar 2005, ƙarƙashin koci Samson Siasia. Ina iya tunawa da yadda muke cika ɗakin kallo maƙil, injin wuta yana ruri a bayan langa-langa, zufa tana tsiyaya, kowa ya zuba wa dogon yaron nan ido, wanda ba ya gaggawa ko da mutum uku sun rufe shi. Ya karɓi ƙwallo ya taka ta, ya ɗaga kai kamar makiyayi yana duban garkensa daga kan tudu, sa'an nan ya tura ta ta wata kafa wadda mu da muke kallo daga nesa ma ba mu hange ta ba sai bayan ta wuce. Nijeriya ta fitar da masu masaukin baƙi da bugun fenareti, ta lallasa Maroko da ci uku da nema, ta kai wasan ƙarshe a Utrecht ran 2 ga Yuli, inda Ajantina ta yi galaba da ci biyu da ɗaya, duka biyun kuwa fenareti ne daga ƙafar Lionel Messi. Da aka zo rabon kyautar gwarzayen gasa, aka ba Messi ƙwallon zinariya, Mikel ta azurfa, Taye Taiwo ta tagulla. Wannan hoton na yara biyu tsaye kafaɗa da kafaɗa shi ne tushen dukan gardamar da ake yi har gobe, domin duk tsanin da Messi ya taka daga baya, sai mutanenmu su waiwayo su dubi nasu yaron su ce, shi kuma fa?

Akwai wani dalili kuma da ya ƙara wa begenmu ƙarfi. A lokacin Jay-Jay Okocha yana dab da yin sallama da rigar ƙasa, mu kuwa al'umma ce da ta saba da lamba goma mai yanka da ado, mai sa 'yan kallo su miƙe tsaye ko da ba a ci ba. Sai ga shi a gasar Kofin Afirka ta Masar a 2006, wadda ita ce ta ƙarshe ga Okocha, Mikel ya shigo daga benci a wasa da Zimbabwe, ya sauya fuskar wasan, har ya zura ƙwallo. Nan take muka yanke hukunci cewa an sami magaji, muka naɗa masa rawanin da bai roƙa ba, muka kuma shiga jiran ya yi mana sarauta irin ta wanda ya gada. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin galibin ɓacin ran da ya biyo baya daga wannan naɗi ya samo asali.

A daidai wannan lokaci kuwa yaron yana cikin wata fitina da ta fi ƙarfin shekarunsa. Cikin watan Afrilu na 2005, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, Manchester United ta ba da sanarwar ta saye shi daga Lyn, har aka ɗauke shi hoto sanye da jar rigarta. Chelsea kuwa ta ce ita ma tana da alkawari da shi da wakilansa tun da farko. Ba a jima ba ya ɓace daga Oslo, ya bayyana a Landan, ya ce shi Chelsea yake so, an matsa masa ne ya sa hannu a waccan takarda. Aka yi fiye da shekara guda ana ja-in-ja, lauyoyi suna kai da komowa, har aka kai ƙara gaban hukumar ƙwallo ta duniya, kafin a yi sulhu cikin watan Yuni na 2006, Chelsea ta biya fam miliyan 16, wato miliyan 12 ga United wadda bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba, miliyan 4 kuma ga Lyn. Daga baya wata kotu a Norwe ta sami wani babban jami'in Lyn da laifin yin jabun takardu a cikin wannan ciniki. Duk wanda ya dubi lamarin da idon basira zai ga yaro ne baƙo, ba uwa ba uba a kusa, manyan attajirai suna jan sa kamar akuyar da dillalai suka taru a kanta ranar kasuwa, alhali shekarar da ya kamata ya ƙare ta yana koyon sana'arsa ta tafi a zaman jiran hukunci.

Da ya isa Chelsea yana ɗan shekara 19, ya tarar da tsakiyar fili a cike da zaratan maza: ga Frank Lampard wanda shi ne mai cin ƙwallo daga tsakiya, ga Michael Essien na Gana da aka sayo shekara guda kafin nan, ga Michael Ballack kyaftin ɗin Jamus da ya iso tare da shi. Gurbi ɗaya ne kawai ake hangen zai buɗe nan kusa, shi ne na Claude Makélélé, dattijon da ke zama gaban masu tsaron baya, wanda ya riga ya haura 33. Koci José Mourinho ya dubi tsawon yaron da ƙirar jikinsa, da natsuwarsa, da yadda ƙwallo ba ta ƙwacuwa daga ƙafarsa, ya ga magajin Makélélé, a inda mu muke ganin magajin Okocha. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuwa aka yi. Tanƙwarawar ba ta zo da sauƙi ba, domin a kakarsa ta farko an ba shi jan kati a Reading, an sake ba shi a wasan ƙarshe na Kofin Lig da Arsenal, an kuma sha yi masa horo a kan makara. Amma kafin kakar ta ƙare ya samu shiga, har aka fara da shi a wasan ƙarshe na Kofin FA na 2007, na farko a sabon filin Wembley, inda Chelsea ta doke ita United ɗin da ci ɗaya mai ban haushi. Da Makélélé ya koma Faransa a 2008, kujerar ta zama tasa.

A nan ya wajaba mu tsaya mu fahimci mene ne wannan aiki, wanda waɗansu ke kira lamba huɗu waɗansu kuma lamba shida, domin ba a yi wa mutum hisabi a kan aikin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Ka ɗauka abokan hamayya sun ƙwace ƙwallo a lokacin da 'yan bayanka na gefe sun hau gaba, 'yan tsakiyarka biyu kuma suna cikin da'irar abokan gaba; abin da ya rage tsakanin maharan da masu tsaron bayanka fili ne fetal, mai faɗin da mutum ɗaya ba zai iya rufe shi da gudu ba. Mai wannan gurbi ba ya ruga wa mai ƙwallo kai tsaye, domin in an yanke shi shi ke nan ƙofa ta buɗe. Sai ya ja da baya a hankali, yana tare hanyar da ta fi haɗari da jikinsa, yana kora maharin zuwa gefe kamar yadda ake kora tunkiya zuwa lungu, har 'yan'uwansa su dawo. In ƙwallo ta zo hannunsu kuma, shi ne zai fara karɓarta daga mai tsaron baya, yana ba abokan gaba baya, wani ƙato yana turo shi ta ƙeya. Ya sa ƙugu ya kare ta, ya juya da ita, ya miƙa wa na kusa da shi cikin aminci, ya koma mazauninsa. Zai yi wannan sau da yawa ƙwarai a wasa guda, ba mai tafa masa. Ranar da ya yi kuskure sau ɗaya tak kuwa, kowa zai gani, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aiki ne irin na gishiri a miya, wanda ba a ambatonsa sai ranar da aka manta da shi.

To, bari mu saurari masu suka, domin adalci ya hana a yanke hukunci ba a ji ta bakin mai ƙara ba. Hujjarsu ta farko lissafi ce: wasa 372 ya yi wa Chelsea cikin shekara goma da rabi, ƙwallo 6 kacal ya ci, a gasar Firimiya kuwa sai da ya jira har watan Satumba na 2013, a wasa da Fulham, kafin ya ga ta farko, wadda ita ce kuma ta ƙarshe. Hujjarsu ta biyu ita ce yawan mayar da ƙwallo gefe da baya, da jinkirin sakinta a lokacin da 'yan gaba suke neman a jefo musu da sauri. Ta uku, wadda ta fi sauran zafi, ita ce wai ya gamsu da matsayinsa da albashinsa, bai yi yunƙurin barin Landan ya nemi inda za a sake masa linzami ba. Ba zan ce waɗannan maganganu ƙarya ne ba. Haƙiƙa akwai lokutan da taka-tsantsan ɗinsa ya wuce kima, akwai kuma 'yan wasan da suka riƙe irin gurbinsa a waɗansu ƙungiyoyi suka haɗa tsaro da jefa ƙwallo mai nisa fiye da yadda ya yi. Wanda ya musa wannan son zuciya ya rufe masa ido.

Sai dai akwai wata shaida da masu suka ba su cika kawowa ba, ita ce shaidar waɗanda wuyansu ke kan wuƙa in an sha kashi. A zamanin mai ƙungiyar, Roman Abramovich, babu kujerar da ta fi ta kocin Chelsea santsi, kowane koci kuwa yakan zo da ra'ayinsa da mutanensa, akwai kuma dukiyar da za a sayo duk wanda ake so daga ko'ina a duniya. Duk da haka, Mourinho, da Avram Grant, da Scolari, da Guus Hiddink, da Carlo Ancelotti, da Villas-Boas, da Roberto Di Matteo, da Rafael Benítez, mutum takwas waɗanda mazhabobinsu na ƙwallo suka sha bamban, kowannensu ya zo ya tarar da Mikel, ya yi aiki da shi, ya tafi ya bar shi a nan. In masana takwas waɗanda ba su haɗu a kan komai ba suka haɗu a kan mutum guda, wannan ya yi kusa da abin da malamai ke kira ijma'i, ba a kuwa rushe irinsa da zancen majalisa. A cikin shekarun nan ƙungiyar ta ci Firimiya a 2010 da 2015, ta ci Kofin FA sau huɗu, ta ci Kofin Europa a 2013.

Ranar da ta fi kowace rana bayyana ƙimarsa kuwa ita ce 19 ga Mayu 2012, a birnin Munich, inda Chelsea ta fuskanci Bayern a cikin gidanta, a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, ba tare da John Terry da Ivanović da Ramires da Meireles ba, domin an dakatar da su duka huɗun. Tun daga busar farko Jamusawa suka yi musu ƙawanya, Robben ta wannan gefe, Ribéry ta wancan, Schweinsteiger da Kroos suna ɗura musu ƙwallo ba ƙaƙƙautawa. Mikel kuwa ya tsaya gaban Gary Cahill da David Luiz, waɗanda dukansu daga jinya suka taso, minti 120 cur, yana toshe kafa bayan kafa, in ƙwallo ta faɗo ƙafarsa ya riƙe ta ɗan lokaci don 'yan'uwansa su sami numfashi. Müller ya ci saura minti bakwai, Drogba ya farke da ka daga bugun kusurwa, Čech ya kama fenaretin Robben a ƙarin lokaci, Drogba ya buga ta ƙarshe aka ɗauki kofi. Sunan Drogba ne ya cika jaridu, ya kuwa cancanta. Amma da ƙofar tsakiya ta ɓalle tun da wuri, da babu abin da zai farke. Da wannan dare Mikel ya shiga sahun Nwankwo Kanu da Finidi George, waɗanda suka ci kofin da Ajax a 1995.

Saura maganar da a ce, wadda ita ce makamin ƙarshe na masu suka: da a ce United ya tafi, da kocinta Ferguson ya bar shi a lamba goma, da yau ana ambatonsa tare da Messi. Gaibu Allah kaɗai ya san shi, amma ƙiyasi yana da hurumi. Roy Keane ya bar United cikin Nuwamba na 2005, abin da ƙungiyar take nema ruwa a jallo a lokacin shi ne mai zama a gindin tsakiya, shaida kuwa ita ce a damunar da ta saki Mikel ta sayo Michael Carrick daga Tottenham don wannan aiki. Saboda haka zato mafi rinjaye shi ne ko can ya tafi, baya za a ja shi, domin ba shi da saurin ƙafa irin na Messi, kuma ƙwallon Turai a lokacin ta fara juya wa lamba goma mai tafiyar ƙasaita baya. Ban da wannan ma, gasar matasa ba ta ba kowa tabbaci: Dominic Adiyiah na Gana ya ɗauki ƙwallon zinariya a irin wannan gasa a 2009, AC Milan ta saye shi, bai taɓa buga mata wasan lig ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, gaskiya ne, amma Laraba nawa muka gani masu kyau waɗanda Juma'arsu ba ta zo ba?

In muka juyo ga rigar ƙasa, wadda ya sa kimanin sau 90, sai mu ga mutum ne da aka ɗora wa kaya biyu: a Landan ana so ya zama katanga, a gida ana so ya zama Okocha, yakan kuma sauka daga jirgi ne ya sauya hali cikin kwana uku. Ya sami tagulla a Masar a 2006 da Angola a 2010, ciwon gwiwa ya hana shi Kofin Duniya na Afirka ta Kudu, inda muka dawo da maki ɗaya tak daga wasa uku. Amma a gasar Kofin Afirka ta 2013, da marigayi Stephen Keshi ya ɗauki tawagar da mutane da yawa suka raina, ya haɗa 'yan wasan gida da na waje, ya sa Ogenyi Onazi a gefen Mikel yana yi masa zirga-zirga, sai muka ga abin da muka daɗe muna jira. A wasan da aka yi da Kwaddibuwa a Rustenburg, wadda kowa ya ba ta kofin tun kafin a fara, Mikel ya tsaya ƙyam a gaban Yaya Touré, aka ci su biyu da ɗaya. Aka yi wa Mali huɗu da ɗaya. Ran 10 ga Fabrairu a Johannesburg Sunday Mba ya ci Burkina Faso, kofin ya dawo Nijeriya bayan shekara 19. Mikel ne kuma ya zo na biyu a zaɓen gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na shekarar, bayan Yaya Touré.

Cikin watan Yuni na wannan shekara, a gasar Kofin Zakarun Nahiyoyi a Birazil, ya karɓi ƙwallo a bakin da'irar Uruguwai, ya kauce wa kyaftin ɗinsu Diego Lugano da motsi guda, ya lanƙwasa ta cikin raga. Na tuna a daren nan wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya daɗe yana girgiza kai bai ce uffan ba, na kuwa fahimci abin da ke ransa, domin ni ma shi ne a raina: ashe yaron Utrecht yana nan da rai, an dai rufe shi a ɗaka ne. A nan nake yarda da masu suka cewa lalle an yi asarar wani abu, wani ado da wata ni'ima ta ido da muka ɗanɗana sau ƙalilan. Na kuma yarda cewa a Kofin Duniya na 2014, inda Faransa ta fitar da mu a zagaye na biyu, bai yi abin da ake tsammani daga babba irinsa ba.

Amma mutum ba ƙafa kaɗai ba ne, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 2016, yana da shekara 29, yana sane cewa sabon koci Antonio Conte ya iso Chelsea yana tantance mutanensa, ya zaɓi ya bi Siasia zuwa gasar Olamfik ta Rio a matsayin kyaftin. Tawagar ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda matsalar kuɗi da jirgi, ba ta sauka Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin wasanta na farko, aka kuma ruwaito cewa ya sa hannu a aljihunsa ya taimaka da waɗansu buƙatun yaran. Da gajiyar tafiya a jikinsu suka ci Japan biyar da huɗu. Ya ci ƙwallo a wasa da Denmark. Jamus ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe. Suka doke Honduras uku da biyu, Sadiq Umar ɗan Kaduna ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Wannan tagulla ita ce lambar yabo guda ɗaya tilo da Nijeriya ta samo daga Rio a dukan wasanni. Da ya koma Landan, Conte bai sa shi ko wasa ɗaya ba, cikin Janairun 2017 ya tattara ya nufi Tianjin ta ƙasar Sin.

Jarrabawar da ta fi wannan nauyi tana gaba. Tun a watan Agusta na 2011 an taɓa sace mahaifinsa a Jos, ya fita ya buga wasa da Stoke bai san halin da tsohon yake ciki ba, sai bayan kwana goma aka same shi a Kano. Ran 26 ga Yuni 2018 kuma, a birnin Saint Petersburg na Rasha, sa'o'i kaɗan kafin wasan da zai yanke ko Nijeriya za ta wuce zagayen farko na Kofin Duniya, aka kira shi a waya aka shaida masa an sake sace mahaifin nasa a kan hanyar Enugu, aka kuma yi masa kashedin cewa in ya faɗa wa hukuma za a kashe shi. Kamar yadda ya bayyana daga baya, bai gaya wa koci Gernot Rohr ba, bai gaya wa abokan wasansa ba, don kada hankalinsu ya rabu. Ya ɗaura ƙyallen kyaftin, ya jagorance su suka fito, ya tsaya aka rera taken ƙasa, a ɗaya ɓangaren kuma ga Messi, abokin tsayuwarsa na shekara 13 da suka wuce. Messi ya ci, Victor Moses ya farke da fenareti, muka riƙe kunnen doki har saura minti huɗu, Marcos Rojo ya karya mana zuciya. Mu muna gida muna ta ƙorafin wanda bai yi gudu ba da wanda bai tare ba, alhali mutumin da ke tsakiyar fili yana ɗauke da abin da da yawanmu ba za mu iya miƙewa tsaye da shi ba. Bayan kwanaki 'yan sanda suka kuɓutar da tsohon. Ni a wurina, natsuwar nan da aka yi ta zarginsa da ita shekara da shekaru, ana kiranta sanyin jiki, ita ce ta fito da ainihin sunanta a wannan dare, sunanta kuwa haƙuri da riƙon amana.

Abin da ya biyo baya gajere ne: ɗan zama a Middlesbrough, tagulla ta uku a Masar a 2019, wadda bayanta ya yi sallama da rigar ƙasa, sai Trabzonspor ta Turkiyya, inda cikin Maris na 2020 ya fito fili ya ce bai dace a ci gaba da wasa ba alhali annobar korona tana cin rayuka, aka raba gari a kan haka, bayan 'yan kwanaki kuma aka dakatar da gasar ƙasar baki ɗaya. Ya yi kaka guda a Stoke, ya ɗan taɓa Kuwaiti, ya ajiye ƙwallo yana da shekara 35.

In kuwa lalle sai an nemi wanda za a ɗora wa alhakin gwanin da muka rasa, to, ina ganin kafin mu miƙa yatsa zuwa Landan ya kamata mu dubi gida. Mourinho ma'aikaci ne da aka ɗauka ya ci wa masu gidansa kofi, ba a ɗauke shi ya rena wa Nijeriya lamba goma ba. Tambayar da ta hau kanmu ita ce, me ya sa yaro mai irin wannan baiwa ya bar ƙasarsa kafin ya mallaki hankalin kansa, ba wata ƙungiya ta gida mai ƙarfin da za ta riƙe shi shekara biyu ko uku har ƙashinsa ya yi ƙwari, ba wata hukuma da ta tsaya masa sa'ad da dillalai suka yi masa ca? Wanda ya ba da ɗansa riƙo tun yana ƙarami ba shi da bakin cewa ba a yi masa tarbiyya irin ta gidansu ba. Har yau kuwa yaranmu daga Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato suna bin wannan hanya, mafi yawansu ba su da sa'ar da Mikel ya samu, ba kuma mai jin labarinsu.

Hukuncina ke nan, ya kai mai karatu: Mikel bai zama abin da muka yi mafarki ba, amma ya cika abin da aka damƙa masa, a ƙungiya da ƙasa, cikin daɗi da cikin wuya, shekara goma sha bakwai, wannan kuwa ya fi wuyar samu a cikin mutane fiye da gwanintar ƙafa. Saboda haka ina kira ga masu horar da yara a filayen unguwanninmu, inda kowane yaro ke kukan a ba shi riga mai lamba goma, su riƙa nuna musu darajar mai tsayawa a baya don waɗansu su ci gaba. Ina kuma kira ga hukumomin ƙwallonmu su gina gidan da zai iya riƙe 'ya'yansa. Mu kuma 'yan majalisa, in an sake ambaton sunansa, mu auna shi da amanar da ya ɗauka ya sauke, domin yabon gwani ya zama dole.